Sana'ar Sassaƙa Goge a Birnin Kiremona na Italiya: Tasowarta, Yankewarta da Farfaɗowarta

Gabatarwa

A arewacin ƙasar Italiya, a bakin wani kogi da ake kira Po, akwai wani matsakaicin birni mai suna Kiremona. Bai kai Rum sarauta ba, bai kuma kai Fenis ko Milan fatauci ba; gari ne na manoma da masaƙa da 'yan kasuwa. Duk da haka, cikin shekara wajen 200, watau daga tsakiyar ƙarni na 16 zuwa tsakiyar ƙarni na 18, a wata 'yar unguwa guda ta wannan birni aka sassaƙa kayan kiɗan da har yau ba a sami irinsu wajen daraja da tsada ba. Kayan kiɗan nan su ne gogen Turawa, wanda ake kira biyolin, da 'yan'uwansa biyu da suka fi shi girma, watau biyola da celo. Gidaje uku ne suka fi yin suna a wannan sana'a: gidan Amati, da gidan Guarneri, da gidan Stradivari.

An daɗe ana cewa mutanen nan suna da wani asiri da suka tafi da shi kabari. Wasu suka ce asirin yana cikin man da suke shafa wa gogen, wasu suka ce a itacen yake, wasu kuma suka ce wani magani ne suke jiƙa katako da shi. Makasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa abin da Kiremona ta mallaka, ta kuma rasa daga baya, ya fi wannan sauƙin fahimta, ya kuma fi shi wuyar riƙewa: hanyar aiki ce guda wadda hannu ya riƙa miƙa wa hannu, ba tare da an rubuta ta ba. Domin a ga haka, za a dubi asalin gogen, da yadda ake sassaƙa shi, da lokuta biyu da sana'ar ta kai bakin halaka. A na farko ta tsira, a na biyu ta yanke.

Asalin gogen Turawa

Dabarar goga tsagiya a kan tsirkiya don a fitar da sauti ba a Turai ta samo asali ba. Alamunta na farko sun bayyana ne a tsakiyar Asiya da ƙasashen Musulmi, inda Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambaci rababa a littafinsa na ilmin kiɗa. Daga nan ta shiga Turai ta ƙofa biyu, watau ta Andalus da ta daular Rumawa ta gabas. Masana da dama suna ganin cewa gogen Hausa da kukuma su ma reshe ne na wannan tushe, wanda ya ƙetaro Sahara. In haka ne, gogen Turawa da na Hausa dangi ne na nesa, sai dai kowanne ya bi tafarkinsa: ɗaya ya tsaya a kan ƙwarya da fata da tsirkiya guda, ɗaya ya koma akwatin katako zalla mai tsirkiya huɗu.

Wajen shekarar 1530 ne siffar biyolin ta fara bayyana a zane-zanen majami'u na arewacin Italiya, musamman na wani mai zane da ake kira Gaudenzio Ferrari, kuma a lokacin tsirkiyarsa uku ce. A 1556 wani Bafaranshe mai suna Philibert Jambe de Fer ya buga littafi a birnin Liyon, inda ya siffanta gogen da tsirkiya huɗu, ya kuma nuna cewa kayan kiɗan rawa ne da bukukuwa, wanda masu neman abinci da kiɗa ke riƙewa, manyan mutane kuwa ba su damu da shi ba. Watau dai gogen da ake kulle shi yau a ɗakunan ajiya na bankuna, da farko abin kiɗan 'yan biki ne.

Andrea Amati da 'ya'yansa

Mutumin da ya tsayar wa wannan goge siffar da yake da ita har yau shi ne Andrea Amati, wanda aka haifa wajen 1505, ya mutu a 1577. Shi ne ya daidaita tsawon jiki da faɗin ƙugu, da tudun gaba da na baya, da tsagogi biyu masu lanƙwasa da iska ke fita ta cikinsu, da naɗin da ake sassaƙawa a kan wuya. Duk waɗannan ya fitar da su ne da kamfas da ma'auni, bisa lissafin da magina da masu zane na zamaninsa suke aiki da shi. Sunansa ya kai fadar Faransa, har ya yi wa Sarki Charles na Tara jerin kayan kiɗa waɗanda aka zana tambarin sarauta a bayansu. Ɗaya daga cikinsu, na shekarar 1564, yana gidan tarihi na Ashmolean a Okusfod ta Ingila. Wanda ya ajiye shi kusa da gogen da aka sassaƙa bana, da ƙyar zai ga bambancin siffa, alhali kuwa tsakaninsu akwai shekara fiye da 450.

Bayan mutuwar Andrea, 'ya'yansa biyu, Antonio da Girolamo, suka gaji shagon. A lokacin Kiremona tana da kishiya, watau birnin Biresha da ke arewa da ita, inda Gasparo da Salò da almajirinsa Giovanni Paolo Maggini suke sassaƙa goge masu kaurin murya. Amma kasuwa ta riga ta nuna wanda ta fifita. A wajen 1638 masanin taurari Galileo ya nemi a saya wa ɗan ɗan'uwansa goge, sai abokinsa da ke Fenis ya rubuto masa cewa ya yi shawara da Claudio Monteverdi, babban mai tsara kiɗa kuma haifaffen Kiremona, an ce masa na Kiremona ba ya kasa dukat 12, na Biresha kuwa ana samunsa a dukat 4.

Yadda ake sassaƙa gogen

Kafin a ci gaba da tarihin, ya kamata a dubi aikin kansa, domin sai an san shi za a gane abin da aka gada da abin da aka rasa. Goge guda yana ƙunshe da guntayen katako fiye da 70, tsawon jikinsa kuwa bai wuce santimita 35 da ɗoriya ba. Itace iri biyu ne ginshiƙinsa. Fuskar gogen ana yin ta da sifurus, wani dogon itace na duwatsun Alfus masu sanyi, marar nauyi amma mai ƙarfi, wanda zaren jikinsa ke tafiya a miƙe. Baya da gefuna da wuya kuwa da mafal ake yin su, itace mai tauri da ratsi-ratsi kamar harshen wuta, wanda akasari ake kawowa daga ƙasashen Balkan ta hanyar Fenis. Ba a yanka gungumen sifurus yadda aka ga dama. Faskara shi ake yi daga tsakiya zuwa ɓawo, a bar shi shekaru ya bushe, sannan a raba faskaren biyu, a buɗe shi kamar littafi, a manne bakin da baki, don hagu da dama su zama daidai.

Abin da ya bambanta Kiremona da sauran wurare shi ne wani katako da suke kira forma, watau katakon siffa. Allo ne da aka yanka bisa siffar cikin goge. Masassaƙi yakan ɗana ƙananan guntayen itace shida a jikinsa, huɗu a kusurwoyi, ɗaya sama, ɗaya ƙasa; sannan ya ɗauko siraran ɓawon mafal waɗanda kaurinsu bai wuce milimita ɗaya da kaɗan ba, ya lanƙwasa su da zazzafan ƙarfe, ya kewaye allon da su, ya manne su a jikin guntayen nan. In gam ya kama, sai ya zare allon, ya bar zoben gefuna shi kaɗai. A da can, a wannan mataki ne ake kafa wuya, a buga masa ƙusa ta ciki. Daga nan sai a ɗora zoben a kan katakon baya, a bi gefensa da alƙalami, a fitar da siffar da za a yanka.

A nan hikimar take. Zoben nan da aka zare daga allo yana da ɗan laushi, yakan karkata kaɗan nan ko can, saboda haka siffar da aka zana daga gare shi ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu. Allon yana tsare awo, idon masassaƙi kuwa yana gyara abin da ya karkace. Shi ya sa gogen gida ɗaya suke kama da juna kamar 'ya'yan uwa ɗaya, amma kowanne da fuskarsa.

Tudun fuska da na baya ba lanƙwasa su ake yi ba, sassaƙe su ake yi daga katako mai kauri, da kurfi da 'yan ƙananan wuƙaƙe da makankari. Bayan an gama waje sai a rarake ciki, har kaurin fuska ya dawo wajen milimita 3 ko ƙasa da haka. Babu awo guda da ya dace da kowane itace. Masassaƙi yakan lanƙwasa katakon a hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, ya auna nauyinsa, kafin ya san inda zai tsaya. A cikin fuskar ana manna wata doguwar sanda a ƙarƙashin tsirkiya mai kaurin murya. A ɗaya ɓangaren kuma ana tsayar da wani ɗan siririn itace tsakanin fuska da baya, ba tare da gam ba, matsi kawai ke riƙe da shi. Italiyawa suna kiransa anima, watau rai, domin in aka gusar da shi ko da kaurin farce ne, muryar gogen sai ta sauya. A kan fuskar ake tsayar da ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, irin wanda masu goge na Hausa ke kira jaki, shi ne yake ɗaukar rawar tsirkiya ya zuba ta cikin akwatin.

Gam ɗin da ake aiki da shi na fata da jijiyar dabbobi ne, ana dafa shi a shafa da ɗuminsa. Fa'idarsa ita ce ana iya ɓamɓare shi a buɗe gogen a gyara, a sake rufewa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa goge mai shekara 300 yake aiki har yau. Daga ƙarshe sai a shafa mai, a shanya a inuwa da hasken rana, a sake shafawa. Tsirkiyoyin kuwa da hanjin tumaki ake murɗa su. Babu ko ɗaya daga cikin gwanayen Kiremona da ya bar littafin da ya bayyana waɗannan matakai. Yaro yakan shiga shago yana ɗan shekara goma sha, ya yi shara, ya dafa gam, ya wasa kurfi, yana kallon hannun maigidansa, har nasa hannun ya koya.

Annobar 1630

Hausawa kan ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, kuma shekara wajen 90 gidan Amati a kan wannan ƙa'ida yake tafe: uba ya koya wa ɗa, sana'a ba ta fita waje. Amma ƙa'idar tana da haɗari, domin in gidan ya rushe, sana'ar ta rushe tare da shi. Haka kuwa aka kusa yi. A yaƙin da aka gwabza kan gadon sarautar Mantuwa, daga 1628 zuwa 1631, sojojin da suka gangaro daga Jamus sun shigo da annoba arewacin Italiya, bayan yunwa ta riga ta raunana jama'a. A 1630 annobar ta share babban kaso na mutanen Kiremona. Girolamo Amati ya mutu a cikinta, ɗan'uwansa Antonio kuwa ya riga shi tun da daɗewa. A Biresha ma Maggini ya mutu a wannan tsakani, kuma daga nan sana'ar garin ba ta sake komawa yadda take ba.

Wanda ya rage shi ne ɗan Girolamo, watau Nicolò Amati, wanda aka haifa a 1596. Yana da shekara 34, ba shi da aure, ba shi da ɗa, kuma dukkan abin da kakansa ya ƙago yana cikin kansa da hannunsa shi kaɗai. Da ƙasa ta lafa, masu neman goge suka dawo, aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai Nicolò ya yi abin da iyayensa ba su saba yi ba: ya buɗe ƙofar shagon ga 'ya'yan wasu. Ƙidayar da limaman coci ke yi wa mutanen unguwa ta nuna cewa a 1641 akwai wani saurayi mai suna Andrea Guarneri da yake zaune a gidansa yana koyon aiki. Wasu suka biyo baya, har daga wasu garuruwa. Guarneri ya fita a 1654 ya kafa nasa shagon a unguwar, ya zama tushen gida na biyu.

Wannan shawara ta Nicolò ita ce magaryar tarihin duka. Da ya riƙe sana'ar a matsayin sirrin gida, da ta tsaya a kan mutum ɗaya. Da ya sake ta, sai unguwar San Domenico ta zama makaranta, shaguna suna kallon juna, kowa yana ganin aikin maƙwabcinsa, yana neman ya fi shi. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin da goge ya tashi daga kayan biki ya zama jagoran kiɗan fada da na coci, a hannun mutane irin su Corelli a Rum da Vivaldi a Fenis. Ashe a Kiremona ɗan na koya ne ya ceci gadon.

Stradivari da Guarneri

An haifi Antonio Stradivari wajen 1644. Gogensa mafi daɗewa da aka sani na 1666 ne, kuma 'yar takardar da ya manna a cikinsa ta kira shi almajirin Nicolò Amati, ko da yake sunansa bai fito a ƙidayar mutanen gidan Amati ba. Ko ya zauna a gidan ko bai zauna ba, aikinsa na farko ya nuna sarai cewa hanyar Amati ya bi. A 1680 ya sayi gida a dandalin San Domenico, 'yan taku kaɗan daga gidan Amati da na Guarneri, a nan ya zauna har mutuwarsa.

Abin da ya fifita Stradivari shi ne haƙuri da gwaji. Bayan mutuwar Nicolò a 1684 ya fara sauya awo a hankali. Daga 1690 ya gwada siffa mai tsawo da siririn jiki, ya yi kusan shekara goma a kanta, sannan ya bar ta. Daga wajen 1700, lokacin da ya haura shekara 55, ya tsaya a kan siffa mai faɗi wadda tudunta bai kai na Amati ba, mai murya da ƙarfi, kuma gogen da ya yi daga nan zuwa wajen 1725 su ake ɗauka mafi kyau. Sarakuna da hakimai suna aiko masa da saƙo. A 1690 ya yi wa gidan sarautar Medici na Fulorans jerin kayan kiɗa. An ƙiyasta cewa shagonsa, inda 'ya'yansa Francesco da Omobono suke taya shi, ya fitar da kayan kiɗa wajen 1,100, kuma kimanin 650 sun wanzu. A cikin wani goge na 1736 ya rubuta da hannunsa cewa shekarunsa 92.

Jikan Andrea Guarneri, watau Giuseppe, wanda aka haifa a 1698, halinsa daban. Ana yi masa laƙabi da del Gesù saboda alamar sunan Almasihu da yake sawa a takardunsa. Bai sami manyan masu saye irin na Stradivari ba, kuma a shekarunsa na ƙarshe aikinsa na gaggawa ne: tsagogin sukan karkace, sawun kurfi yakan fito a naɗin wuya. Amma da yake tushen aikin daidai yake, muryar gogensa mai zurfi ce da ƙarfi. Gogen da Niccolò Paganini ya girgiza Turai da shi na wannan mutum ne, na 1743, wanda ya yi wa laƙabi da Igwa, kuma yana ajiye a Jenowa har yau. Mutum biyu ke nan, ɗaya mai tsanaki, ɗaya mai garaje, a titi ɗaya, da hanyar aiki ɗaya, kuma duka biyun sun kai ƙololuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙarfin yana cikin hanyar.

Yadda sana'ar ta yanke

Stradivari ya mutu a watan Disamba na 1737. Girolamo na biyu, ɗan Nicolò, wanda shi ne na ƙarshe a gidan Amati, ya mutu a 1740. Omobono ya bi a 1742, Francesco a 1743, del Gesù a 1744, sai Carlo Bergonzi, wanda ya koma zama a gidan Stradivari, a 1747. Cikin shekara goma an binne kusan duk wanda ya iya aikin a matakinsa na sama. A wannan karon babu annoba, amma kuma babu wani Nicolò. Shagon Stradivari ya daɗe da mamaye kasuwar manya, har wasu gwanaye suka yi ƙaura. Biyu daga zuriyar Guarneri sun tafi Mantuwa da Fenis. Tattalin arzikin garin ya ja baya, masu saye suka koma ga goge masu araha na wasu birane. Daɗin daɗawa, a ƙarni na 18 makaɗa da yawa sun fi son gogen Jacob Stainer, mutumin Tirol, masu tudu da zaƙin murya. Yaro mai neman sana'a bai ga dalilin da zai ba da shekarunsa ga aikin da ba ya ci ba. Wasu kaɗan, irin su Lorenzo Storioni da gidan Ceruti, sun ci gaba da sassaƙa a garin, amma da mutuwar Enrico Ceruti a 1883 wannan reshe ma ya bushe.

Autan Stradivari, Paolo, ɗan kasuwar tufafi ne, bai koyi sassaƙa ba. A 1775 da 1776 aka sayar wa wani matashin basarake mai suna Cozio di Salabue ragowar gogen da ke gidan, tare da katakan siffa da zane-zane da kayan aiki. Cikinsu har da wani goge na 1716 wanda kusan ba a taɓa kaɗa shi ba, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Almasihu. Shi ma yanzu yana Ashmolean. A 1869 aka rushe cocin San Domenico inda kabarin Stradivari yake, ƙasusuwansa suka ɓace.

Abin mamaki shi ne, sai da sana'ar ta mutu a gida sannan sunanta ya cika duniya. A 1782 Giovanni Battista Viotti ya yi kiɗa a Faris da gogen Stradivari, jama'a suka ji irin ƙarfin muryarsa. Kiɗa yana fita daga ɗakunan fada zuwa manyan zauruka, ana bukatar goge mai kai murya nesa, siffar Stradivari kuwa ita ta fi dacewa. Aka riƙa cire wuyan tsofaffin goge ana sa masu tsawo da karkata baya, ana ƙara girman sandar ciki, ana ɗora doguwar madanna ta baƙin itacen eboni, dangin kanya. Saboda haka kusan duk gogen Kiremona da ake kaɗawa yau an sauya shi daga yadda mai shi ya bar shi. Wani dillali mai suna Luigi Tarisio ya riƙa bin ƙauyuka da majami'un Italiya yana saye yana kai wa Faris. Da ya mutu a 1854, Jean-Baptiste Vuillaume ya je ya kwashe abin da ya tara. A garuruwan Mirkur na Faransa da Markanoikirshen na Jamus kuwa aka riƙa fitar da goge dubbai masu araha, ana manna musu takarda mai sunan Stradivari. An kwaikwayi siffar waje, amma an manta yadda aka kai gare ta. A cikin wannan giɓi ne zancen asiri ya tsiro.

Farfaɗowa da binciken asirin

Katakan siffar nan da Cozio ya saya sun yi shekara fiye da 100 a ajiye a hannunsa da na magadansa. A 1920 wani masassaƙi mai suna Giuseppe Fiorini ya saye su, a 1930 kuma ya ba birnin Kiremona kyauta, da burin a kafa makarantar koyar da sana'ar. A 1937 aka yi bikin cika shekara 200 da mutuwar Stradivari, a 1938 aka kafa makarantar. Wani da ya yi koyo a hannun Fiorini, Simone Sacconi, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Niyok yana gyaran tsofaffin goge, ya riƙa gwada abin da ya gani a cikinsu da ramuka da layukan kamfas da ke jikin katakan siffa, har ya sake gano jerin matakan aikin. A 1972 ya buga littafi kan asiran Stradivari, abin da ya kammala da shi kuwa shi ne babu wani asiri, sai tsari da ƙwarewa.

Masana kimiyya su ma sun sa hannu. A 2003 wasu suka kawo ra'ayin cewa tsananin sanyin da aka yi a Turai tsakanin 1645 da 1715 ya sa itatuwa girma a hankali, katakonsu ya yi daidai. Wasu sun sami alamun gishiri da ma'adinai a cikin itacen, mai yiwuwa don kare shi daga gara da ƙwari. A 2009 masu bincike a Faris suka auna shafen kayan kiɗa biyar na Stradivari, suka tarar man tsirrai ne da ƙaro da jan launi, irin waɗanda kowane mai zane na zamanin yake saye a kasuwa. Sannan a 2012, a kusa da Faris, aka rufe wa manyan makaɗa goma ido, aka ba su tsofaffin gogen Italiya shida da sababbi shida; shida daga cikin goman suka zaɓi sabo, kuma ba su iya rarrabe tsoho da sabo ba. Wannan bai rage darajar magabata ba, domin sababbin nan a kan hanyarsu aka sassaƙa su. Abin da ya tabbatar shi ne cewa aikin abin koyo ne.

Kammalawa

A 2011 aka yi gwanjon wani gogen Stradivari na 1721 a kan fam miliyan 9.8, aka ba da kuɗin don taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Japan. A 2012 hukumar UNESCO ta sa sana'ar goge ta Kiremona cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma abin lura shi ne sana'ar aka sa, watau abin da ke hannun masu rai. A 2013 aka buɗe gidan tarihin goge a birnin, inda katakan siffar Stradivari suke kusa da gogen da aka yi da su. A farkon 2019 hukumar garin ta rufe titunan da ke kewaye da gidan na wasu makonni, aka roƙi jama'a su rage hayaniya, domin a naɗi muryar tsofaffin kayan kiɗan tun katakonsu bai gaji ba.

Katako dai komai daɗewa zai gaji, kuma na'ura murya kaɗai take iya adanawa. Abin da ya hana Kiremona ta sake faɗawa ramin 1747 shi ne shaguna fiye da 100 da suke aiki a cikinta, da makarantar da ke karɓar ɗalibai daga Asiya da Amurka da sauran ƙasashen Turai, waɗanda da yawansu sukan zauna a garin su buɗe nasu shagon. Hanyar da Nicolò Amati ya bi bayan annoba ke nan: sana'ar da ba a rubuta ba tana rayuwa ne muddin akwai maigida mai buɗe ƙofa, da yaro mai ganin cewa in ya shiga zai ci abinci.